Amsoshin da Ba Su da Maki

Wuta ta ɗauke a Aboabo tun la'asar,
ƙarfen dalma ya huce a hannuna.
Sherifa ta shigo shago da takardarta,
ta zauna kan gawar wata talabijin,
ta ce, "Kaka, jibi akwai gasar kacici-kacici a makarantarmu,
wayata ta mutu, kai kaɗai ka rage."
Na ce to. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

"Wace shekara aka gama Yaƙin Duniya na Biyu?"
Na ce shekarar da aka ce wa babana a Bama ya naɗe kayansa.
Ya dawo da bargon soja, da kunne ɗaya mai ji,
da firgita in kwano ya faɗi a tsakar gida.
Ta ce, "Lamba ake so."
Na ce rubuta arba'in da biyar,
amma shi bai gama nasa ba
sai ranar da muka kai shi makwancinsa a Tafo.

"Mene ne juyin mulki?"
Shi ne ki murɗa rediyo da asuba
ki ji badujala inda kika saba jin gaisuwa.
Mai koko ta sauke tukunya, ta rasa mai miƙo kofi.
Maza su taru a ƙofar nan, kowa yana magana da ido.
Ba sau ɗaya na ji ba, ba sau biyu ba,
duka daga bakin akwatunan da na gyara da kaina,
har na soma zargin hannuna.

Ta yi dariya, ba ta rubuta ba.

"Dimokuraɗiyya fa?"
Layi ne, 'yar nan. Layi cikin rana,
tawada a ɗan yatsa,
ki dawo ki tarar da kwatar ƙofar gidanku
tana nan tana wari inda kika bar ta.
Sai dai kina iya zagin mai mulki a cikin trotro
tun daga Kejetia har Asawase,
ki sauka, ki ci tuwo, ki kwana a ɗakinki.
Kada ki raina wannan.
Na san lokacin da ko tari sai an duba baya.

"Yaushe ɗan Adam ya taka wata?"
Sittin da tara. Wannan ba sai na yi lissafi ba.
Mun fi ashirin a kan rediyo guda,
Malam Ɗanjimma mai goro yana ta rantsuwa
wai wata ba ya ɗaukar takalmi.
Kafin shekarar ta fita aka yi shela:
baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa.
Ya sayar da huhun goronsa a kuɗin kwando,
ya bar mini rediyonsa, wai in gyara kafin ya dawo.
An sami wurin sa ƙafa a sama,
shi ya rasa a garin da aka binne cibiyarsa.

"Wa ya ƙirƙiro rediyo?"
Ban san shi ba, bai taɓa kawo gyara nan ba.
Cikinta na sani.

Sai unguwa ta ɗauki ihu, an kawo wuta.
Fanka ta yi tari, ta soma juyi.
Sherifa ta jona wayarta, fuskarta ta yi shuɗi,
yatsanta na gudu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ta ce, "Kaka, biyu ka ci cikin biyar."
Na ce ai an gode, ko gwamnati ba ta cika kai haka ba.

Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya,
idonta a kan wata tsohuwar rediyo can saman kanta,
mai rigar katako, wadda nake goge wa ƙura duk Juma'a.
Ta ce, "Malam ɗin nan mai goro, ya dawo kuwa?"

Na ɗauki ƙarfen dalma, ya fara zafi.
Na ce, tambayi wayar.